Akawun da Ya Zama Uban Yara Talatin da Ɗaya

Shekara ashirin da shida Akawu ya yi a ɗaki guda, wanda ke hannun dama in ka shigo ƙofar makarantar firamaren, tsakanin ofishin Shugaba da ɗakin ajiyar tsintsiya. Tebur ne ɗaya, da kujerar da ya tokare wa ƙafa da kwali, sai kabad ɗin ƙarfe huɗu. Na ukun ba mai iya buɗe shi sai shi, don sai an ɗaga shi da gwiwa kafin a ja. Da keken rubutu ya fara aiki a wurin. Da aka kawo kwamfuta ya koya da yatsa biyu, har furfura ta cika masa kai bai ƙara na uku ba. Shugabanni biyar ya ga zuwansu, ya ga tafiyar huɗu. Yara na kiransa Baba Akawu, iyayensu ma haka, domin da yawansu shi ya rubuta sunansu a rajista ranar da aka kawo su suna kuka.

Mahaifinsa mai rubuta wa mutane wasiƙa ne a bakin gidan waya, a gefen teburinsa ya tashi. A nan ya gaji kyawun rubutu, ya kuma gane cewa wanda bai iya rubutu ba ba ya son a tuna masa. Iyayen yaran makarantar kuwa yawancinsu leburori ne da direbobi da masu gadi da masu wanki, mutanen da ke fita kafin yara su tashi. Duk takardar da makaranta ta aika gida, ta sakamakon jarrabawa ce ko ta allurar rigakafi, sai ta dawo da maiƙo a jiki ba sa hannu. In ya haɗu da uban yaro a hanya, sai ya ji an ce, Baba Akawu ka sa min kawai, ai kai ma ubansa ne. Shi kuwa sai ya sa. Yakan ɗan karkata alƙalami don kada rubutun ya zo iri ɗaya, ba da nufin cuta ba, don dai takarda ta yi kyan gani. Ba wanda ya taɓa ce masa laifi ne, shi ma bai taɓa tambaya ba.

Gidansa ɗaki biyu ne a ƙarshen wani lungu, bayan garejin makanikai. Matarsa, wadda kowa ke ce wa Uwar 'Yan Biyu, takan zolaye shi da cewa duk unguwar ba wanda ya kai shi yawan 'ya'ya, ga shi bai taɓa yi wa ko ɗaya wanka ba. 'Yan biyun sun girma: namijin yana tuƙa babbar mota, macen nas ce a babban asibitin da ke gangaren titi. Saura shekara biyu ya ajiye aiki lokacin da abin ya faru.

Amma mafarin abin ya girmi haka da shekara uku. Wata safiya wata mata ta shigo ofishinsa riƙe da hannun yarinya 'yar shekara shida. A ɗakin wankin asibiti take aiki, shi ya sa daga baya ake ce mata Mai Wanki. Akwai tabo a girarta ta hagu, wuyan hannunta ɗaya kuma ba ya lanƙwasawa, da ɗayan ta miƙo takardu. Ta ce a rubuta yarinyar da sunan kakanta na wajen uwa. Da ya nemi lambar waya ta ce ba za ta bayar ba. Ta jira malamin da ke neman alli ya fita, sannan ta rage murya ta roƙe shi, in wani ya zo tambaya ko akwai yarinya mai suna kaza a nan, a ce babu, kuma kada sunanta ya fita daga makarantar nan zuwa ko'ina. Ba ta faɗi dalili ba. Shi ma da ya dubi hannun bai tambaya ba. Ya ɗauki fensir ya rubuta a kusurwar fayil ɗin: kada a ba kowa. Ya saka shi a kabad na uku.

Yarinyar 'yar firit ce, shi ya sa 'yan ajinsu suka sa mata Tsigi. Ba ta da surutu, amma in aka ba ta littafi sai ka rantse rediyo aka kunna.

Bayan shekara uku, Shugabar da ke kai a lokacin mace ce mai zafin nama, mai son a ga makarantarta ta yi fice. Ita ta jawo wani kamfanin koyar da karatu da zai ba kowane ɗalibi kwamfutar hannu a aji. Na'urar za ta ɗauki suna da ranar haihuwa da hoton yaro, ta kuma naɗi muryarsa in yana karatu. Wakilin kamfanin ya zo da kwat da turare ya yi wa ma'aikata bayani. Ya ce akwai dokar kare bayanan mutane, wadda ta hana a ɗebi bayanan yaro sai da yardar uwa ko uba ko wanda ke riƙonsa, kuma sa hannu kaɗai bai isa ba, dole kamfani ya tabbatar cewa mai yardar shi ne ya yarda. Saboda haka kowane fom zai zo da lambar wayar iyaye. Kamfani zai tura wasu lambobi shida zuwa wayar, in aka shigar da su a kwamfuta cikin minti goma, an tabbatar ke nan. Ya ƙara da cewa in ƙarshen wata ya yi ba a samu tara cikin kowane yara goma ba, wata makarantar za a kai na'urorin.

Aikin shigarwar a kan Akawu ya faɗa. Da aka watse Shugaba ta leƙo ta ƙofarsa, jaka a kafaɗa.

"Baba, ka san mutanenka, ka san yadda kake yi da su. Ni dai in ga an cika."

Sati biyun farko ya bi ƙa'ida. Ya kira, ya aika, ya jira. Wannan wayarsa na wajen caji, wancan yana kan hanya ba sabis, wata kuma da maƙwabciya suke haɗa waya, kafin a nemo ta minti goman ya wuce. Wani tsohon makanike ya zo da ƙafarsa ya tsaya a gaban tebur, ya ce ya yarda ɗari bisa ɗari, amma gilashin wayarsa ya fashe ba a ganin komai. Akawu ya dube shi, ga mutum tsaye a gabansa, wace shaida ce ta fi wannan? Sai Akawu ya sa lambar wayarsa ta kansa. Saƙo ya shigo, ya shigar, kwamfuta ta nuna kore. Daga nan hanya ta buɗe. Da ya ga lambarsa ta yi yawa ya koma ta Uwar 'Yan Biyu, sannan ya tono wani tsohon layi a aljihun tebur. A gaskiya yawancinsu sai da ya ji ta bakinsu, a hanya ko ta wurin maƙwabci, kafin ya sa.

Tsigi ce ta ƙarshe. Sau biyu yana ba ta fom, sau biyu ba ya dawowa. Ranar ƙarshen wata, lokacin da yara suka fita hutu, ta tsaya a bakin ƙofarsa da takardar duk ta yamutse, ta ce Mama ta ce ya sa mata kamar yadda yake sa wa kowa. Tana faɗa tana kallon ƙafar tebur. Mutumin da ya shekara ashirin da shida cikin yara ba ya bukatar a gaya masa yadda fuskar yaro take in yana ƙarya. Ya san ba ta kai takardar gida ba, don ta san amsar da za ta samu. Ya kuma san duk ajinsu ita kaɗai za ta zauna hannu rabbana ranar da aka raba na'urorin, ita da ta fi kowa karatu.

Ya tashi ya ɗaga kabad na uku da gwiwa, ya zaro fayil ɗinta, ya ga rubutun fensirinsa. Asibitin tafiyar minti goma sha biyar ce. Rana ta take, gwiwarsa na ciwo, ga Shugaba ta aiko sau biyu tun safe. Ya ce a ransa, karatu ne fa, ba a jarida za a buga ta ba. Ya cike fom ɗin, ya bi akwatunan ƙasa ya sa musu alama duka kamar yadda ya yi wa na kowa, har da na ƙarshe mai ƙananan haruffa da bai taɓa tsayawa ya karanta ba. Ya kira gida. Uwar 'Yan Biyu ta karanto masa lambobi shidan tana tsaye a kan girki, har tana tambaya wannan kuma na nawa ne a 'ya'yan nasa. Yarinyar ta fita da gudu.

Bayan wata huɗu kamfanin ya shirya gasar karatu tsakanin makarantu, Tsigi ta zo ta ɗaya. Suka sa hotonta a shafinsu na intanet, tana murmushi, tambarin makaranta a ƙirjin rigarta, sunan makarantar a ƙasa da manyan haruffa. Akwatin nan na ƙarshe shi ya ba su izinin haka. Shugaba ta sa aka wanke hoton ta rataye a ofishinta. Akawu ya taya murna da kowa, amma ranar bai iya cin abincin da ya zo da shi ba. Ya yi niyyar gaya wa Shugaba a sa su cire hoton. Ya ga in ya faɗi dalili sai ya faɗi yadda aka yi fom ɗin, sai ya bari zuwa gobe. Goben ta yi ta zama gobe har kwana goma sha biyu.

A rana ta goma sha uku, da aka tashi, wata mota ta tsaya a bakin ƙofa. Wani mutum mai tsafta, kaya a goge, ya fito tare da ƙanwarsa, wadda ita ce ta ga hoton a wayarta. Ya nuna wa maigadi takardar haihuwa, ya kira yarinyar da sunanta. Maigadin ya ce da ta gan shi sai ta tsaya cik kamar an dasa ta, da ya miƙo hannu kuma ta bi shi ba ko kuka. Uba ne ya zo ɗaukar 'yarsa, me maigadi zai ce? Akawu yana zaune taku ashirin daga wurin, yana fama da firinta da ta cinye takarda. Bai ji komai ba.

Wajen ƙarfe huɗu Mai Wanki ta iso, da rigar aiki da takalmin roba, yatsunta sun yi fari saboda ruwa. Ta riga ta ji komai a bakin maigadi, Shugaba kuma ta nuna mata fom mai ɗauke da sunanta. Ta shigo ofishin Akawu da takardar a hannu. Ya miƙe, ya tura mata kujera, ba ta zauna ba. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Baba, wannan hannuna ne?"

"Ba naki ba ne, 'yata."

"Wannan lambar fa?"

"Ta gidana ce."

Ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta ce garuruwa uku ta sauya kafin ta zo nan. Shekara uku ba ta riƙe waya ba, ba ta je bikin kowa ba, mahaifiyarta ta rasu ba ta je ba don kada a biyo ta. Mutum ɗaya ta amince wa a duk garin, shi ma don ta ga furfurarsa.

"Da ka aiko, da na ce a'a. Kalma ɗaya ce, Baba."

Ya buɗe baki zai ce yarinyar ce ta zo ta ce masa, sai ya ji kunyar ɗora wa 'yar shekara tara. Ya fasa. Ta ajiye takardar a kan teburinsa ta fita.

Labari ya riga shi isa gida, don 'yarsa nas ta san matar, kullum suna gaisawa a matakalar asibiti. Ta zo da yamma ba ta ko cire kayan aiki ba, ta gaishe shi a tsaye. Ta ce da ya kira ta ranar, da ta gangara ɗakin wanki ta tambayo masa, minti biyar ya ishe ta. Uwar 'Yan Biyu ta ce ta yi wa ubanta magana da ladabi. Ta ce ai da ladabin take yi. Ita ce kuma ta raka Mai Wanki wajen lauyoyin da ke taimaka wa mata kyauta, su suka kai ƙara hukumar kare bayanai. Ba ta ɓoye masa ba, shi ma bai ce mata don me ba.

Jami'ai biyu suka zo daga hukumar, suka zauna a ɗakin malamai kwana uku. Mai yi masa tambayoyin matashiya ce, sa'ar 'yarsa, mai sanyin murya, tana ce masa Baba a kowace jimla. Ta juyo masa kwamfuta ta nuna masa jeri: yara talatin da ɗaya a kan lambobi uku. Ta tambaya ko shi ne mahaifinsu ko mai riƙonsu. Ya ce a'a. Ta tambaya ko wani ya umarce shi ya yi haka. Ya maimaita mata abin da Shugaba ta faɗa a bakin ƙofa, yana faɗa yana jin yadda maganar ba ta da ƙashi. Shugaba ta ce ita cewa ta yi a cika, ba ta ce a ƙirƙira ba, kuma ta amince da dattijo ne saboda shekarunsa. Kamfani ya aiko lauya ya ce su sun tura lamba, lamba ta dawo, tsarinsu bai yi kuskure ba. Jami'ar ta tambaye shi yadda aka yi na'urarsu ba ta ga lamba ɗaya ta haifi yara sha huɗu ba. Ya ce za su duba.

Aka kira iyayen. A nan Akawu ya ga abin da ya fi takardar kora ciwo. Mutanen da ya yi shekaru yana rufa wa asiri suka ga tebur da jami'ai da na'urar ɗaukar magana, tsoro ya kama su. Ɗaya bayan ɗaya suka ce su ba su san an sa musu hannu ba. Wani direba da Akawu ya rubuta wa takardar neman aiki har sau biyu ya ce sama-sama ya san shi. Tsohon makaniken nan kaɗai ya buga tebur ya ce shi ya ce a sa, kuma an bar jaki ana dukan taiki. Aka rubuta maganarsa aka gode masa.

An ci kamfanin tara, aka umarce shi ya goge bayanan yaran talatin da ɗaya, ya kuma gyara hanyar tabbatarwarsa. Yanzu sai uba ko uwa sun zo da katin shaida an gan su ido da ido. Shugaba ta sami takardar gargaɗi, bayan shekara aka ba ta makaranta mafi girma. Akawu aka sallame shi. Ranar da zai tafi sai da ya tsaya ya nuna wa wanda zai gaje shi inda komai yake, don ba wanda ya sani.

Ya yi wata biyu ba ya wuce bakin gareji. Makanikai suka riƙa ba shi benci, suna ta hirar injin a gabansa don kada a taɓo wancan zancen. Uwar 'Yan Biyu ta daina zolayarsa. Ta cire layinta ta karya shi ta jefa a kwata, ta ce ita ma da bakinta ta karanto lambobin. Daga baya ƙaninta ya ba shi tebur a shagonsa na buga takardu. A nan yake har yau, da yatsunsa biyu.

Maganar yarinya kuwa tana kotu. Uban yana da takardar haihuwa da gida da aikin yi, ya ce matar ce ta sace masa 'ya ta sauya mata suna. Ita ba ta da takardar asibiti ta lokacin da aka karya mata hannu, don a gida aka ɗaure shi. Lauyarta ta zo shagon ta ce suna bukatar wanda zai shaida cewa tun shekara uku da suka wuce matar ta nuna tsoro, ba yau ta ƙirƙiro ba. Ta gargaɗe shi cewa lauyan uban zai tsige shi a gaban jama'a. Ya ce zai zo.

Ya sa rigarsa mafi kyau ya je. Ya faɗi abin da ya gani da abin da aka roƙe shi. Lauyan uban ya tashi a hankali, ya tambaye shi sau nawa ya sa hannu da sunan wani a rayuwarsa. Ya ce bai ƙirga ba. Lauyan ya juya ga alƙali ya ce to ga irin shaidar da aka kawo. Wasu a baya suka yi dariya. Tsigi tana zaune kusa da gwaggonta cikin sabuwar riga, ta ƙara tsawo, ba ta ɗago kai ba har aka tashi. Alƙali ya ce yarinya ta ci gaba da zama wajen uba kafin a gama shari'a, uwa ta riƙa ganinta sau biyu a wata a ofishin jin daɗin jama'a. Ya ɗage zama zuwa bayan wata uku.

A waje lauyar ta yi masa godiya. Mai Wanki na tsaye gefenta, ta gyara mayafi, ba ta dube shi ba. Hanyarsu ɗaya, don haka ya bi bayanta nesa-nesa har tashar bas. Motar unguwarsu ta zo da sauran wuri, ta shiga ta zauna a bakin taga. Kwandasta ya yi ta kiransa, Baba akwai wuri, Baba shigo. Ya ɗaga masa hannu alamar su tafi. Ya tsaya a rana kusan awa guda kafin wata ta zo.

Da ya isa gida Uwar 'Yan Biyu ta kawo masa ruwa, ta tambaye shi yadda aka yi.

Ya ce, "An ɗage."